Ku Cire Muryata, Ku Maido Mana da Katunanmu

Zuwa ga Mai Girma Manajan gidan rediyonmu na jama'a da ke Gusau.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyalinka da ma'aikatan da ke ƙarƙashinka, ina yi maka barka da shigowar damina. Allah ya sa mai albarka ce.

Ranka ya daɗe, ban so maganar nan ta fito fili ba. Sau uku ina zuwa ofishinka cikin watan nan. Na farko aka ce kana taro, na biyu aka ce ka fita, na uku kuwa motarka na gani ƙarƙashin dalbejiya, aka ce in bar saƙo. Lambata tana cikin wayarka shekara goma sha ɗaya, amma yanzu in na kira sai ta yi ta ringi har ta gaji. Shi ya sa na rubuto inda kowa zai karanta.

Saboda masu karatu, ni ne Alhaji Bala mai walda, haifaffen Furfuri, mazaunin Damba. Ina ƙera ƙofofin ƙarfe da garmar shanu. Karatuna bai wuce sakandare ba, kuma ban taɓa jin kunyar faɗin haka ba. Da injin walda na aro na fara a gefen titi, yau magidanta tara ke cin abinci a shagona. Babu wanda ya ɗaga ni sai Allah. Ni ne kuma shugaban ƙungiyar masu sauraron gidanku tun ranar da aka kafa ta, har zuwa safiyar da na ji a rediyo cewa na zama tsohon mamba.

1. Yadda aka fara

Kai ka zo ka same ni, ba ni na neme ka ba. Lokacin kana ƙaramin mai gabatar da shiri, kana hawan babur mai karyayyen ƙarfen jingina, ni na liƙe maka shi. Ka zauna a bencin shagona ka ce kana son shirin da manomi zai ji nasa ne. Na ce maka abu ɗaya manomi ke tambaya da safiyar damina: ina aka yi ruwa, kuma ya kai na shuka? Nan muka sa wa shirin suna, Ina Aka Yi Ruwa, minti goma sha biyar bayan labaran safe.

Ka'idarmu ɗaya ce, kuma ni na kafa ta. Ba a faɗin ruwan da aka ji a kan kwanon rufi. Mamba zai fita bayan Asuba da fartanyarsa, ya tona wuri uku a gona, ya sa hannu ya auna inda laima ta tsaya, sannan ya bugo ya ce yatsa biyu ne, ko huɗu, ko taƙi guda, a jigawa ko a laka. Wanda ya yi ƙari sau ɗaya a ja masa kunne, in ya sake a karɓi katinsa na ƙungiya. Mun taɓa karɓe na ɗan ƙanwata, kai shaida ne.

Da babur ɗina na bi Bungudu da Furfuri da ƙauyukan Tsafe har rugage, ina roƙon dattawa su shiga. Kai ma ka san dalilin da ya sa shirin ya karɓu. Mutane da yawa sun dawo cikin Gusau da zama, gonakinsu suna can. Hanya kuwa ba wadda ake bi don gwaji ba ce a wannan zamani. Mutum yana so ya tafi sau ɗaya, ya shuka, ya dawo. Mu ne idonsa.

2. Maganar katuna

Bayan kakar bara ka kira ni ofis, ka sa aka kawo min shayi. Ka ce katunan mambobi na kwali sun tsufa, za a sabunta su da na roba mai hoto, in tattaro tsofaffin. Na ji daɗi. Kwana shida ina yawo, na haɗa kati hamsin da bakwai.

Mutum ɗaya ya ƙi ba ni nasa da farko, Baba Ɗan'ige na Furfuri, abokin mahaifina, wanda bai taɓa fashin bugo waya ba ko da yana zazzaɓi. Katinsa lamba ta uku ne, cikin gwangwanin da yake ajiye takardun gonarsa yake. Ya ce min, "Bala, ni ban ga abin da wanga ya yi ba da za a canza shi. Sunana bai goge ba." Na yi ta lallashinsa. Da bakina na ce masa, in katin nan ya ɓata ni zai kama. Ya ciro ya ba ni a gaban mutane.

A hannunka na danƙa su, cikin baƙar leda. Bayan mako biyu ka ce in sa manyan kaya in zo, akwai baƙi daga wata ƙungiya mai tallafa wa gidajen rediyo. Na tarar an baje katunanmu a kan tebur kamar kayan talla. Ka nuna ni ka ce, ga uban tafiyar. Ka ce ga shaidar cewa gidanku yana da saiwa a karkara. Aka ɗauke mu hoto, ina ta murmushi. Wallahi ranar har matata na ba labari. Ban san hoton nan ne aikina na ƙarshe a wurinku ba.

Daga ranar zuwa yau, ba na roba, ba na kwali.

3. Sanarwar safiyar Litinin

Ranar da ya kamata shirin ya dawo na bana, ina shago da wuri, na sa wayata caji tun cikin dare, mambobi huɗu sun riga sun gaya min abin da suka tona, ina jiran a buɗe layi in faɗa. Aka gama labarai. Sai wata murya ta fara karanta sabon tsarin shirye-shirye na wannan zango. Ta ce daga yau shirin zai riƙa kawo bayanin yanayi daga na'ura, an rufe layin waya. Ta ce an sake fasalin ƙungiyar masu sauraro, mai son shiga ya cike fom ta intanet, mai son shugabanci kuma sai yana da difloma. Aka jero sunayen sabon kwamiti, mutum bakwai, dukansu a cikin gari suke. A ƙarshe aka gode wa tsofaffin mambobi, a dunƙule, babu sunan ko mutum ɗaya.

Ma'aikatana suka kashe injin gurza ƙarfe. Wani direba da ya kawo gyaran bodin motarsa ya dube ni ya ce, "Alhaji, ashe ritaya aka yi maka ba fansho." Aka yi dariya, ni ma na yi, don ba zan bari a ga fuskata ta canza a shagona ba.

Ranka ya daɗe, ka fahimce ni. Ba na gaba da difloma. 'Yata tana da ita, da gumin walda ta yi ta. Ba na gaba da na'ura, in ta ce za a yi ruwa jibi ina saurara. Kujerar shugabanci kuma ku ba wanda kuka ga dama, ba ta taɓa ciyar da ni ba. Amma wane fom Baba Ɗan'ige zai cike da ƙaramar wayarsa da aka ɗaure da kyauro? Kuma a cikin mutum bakwai ɗin nan, wa zai kasance a gonar Furfuri da fartanya kafin rana ta fito? Sannan ko ba komai, mutumin da ya ci tuwo a gidana ba sau ɗaya ba, ya rasa minti biyu ya kira ni kafin in ji a rediyo tare da direbobi?

4. Muryata

Wannan ne ya sa na ɗauki biro. Da sauran ne kawai, da na haɗiye.

Shekarun baya ka shigar da ni ɗakin ɗaukar murya, ka ce in faɗi taken shirin. Na faɗa: "Ina aka yi ruwa? Mun tona, mun gani." Kun sallame mu, kun rufe layi, amma kowace safiya har yau da wannan murya kuke buɗe shirin. Muryata ce ke cewa an tona, alhali ba wanda ya tona komai.

Ga abin da ya biyo baya. Mako uku da suka wuce, bayan muryata, mai gabatarwa ya ce an samu ruwa mai ƙarfi a ƙaramar hukumar Bungudu. Gaskiya ne an yi ruwa a cikin garin Bungudu. Amma ƙaramar hukuma ba gona ɗaya ba ce. A gefen Furfuri, da ke cikinta, yayyafi aka yi, laimar ba ta kai yatsa biyu ba, Baba Ɗan'ige ya gaya min tun kafin ku buɗe tasha. Ba ni da inda zan faɗa.

Akwai wata baiwar Allah maƙwabciyarmu a Damba, Inna Hajo, mijinta ya rasu, gonarsu tana wajen Furfuri. Ta ji muryata, ta ji an ce Bungudu, ta ɗauki irin geron da ta ɓoye tun bara, wanda ta hana kanta da jikokinta ci, ta shiga mota. Da ta isa ta ga ƙasa da ɗan duhu a sama. Ta yi shakka, amma ta riga ta zo, kuma rediyo ya faɗa. Ta shuka. Gero ya tsiro, rana ta buɗe kwana tara, ya ƙone ƙurmus.

Ba ofishinka ta zo ba, ba ta san hanyarsa ba. Shagona ta zo. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga da ya fi min sauƙi. Ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Alhaji, ku kunka ce kun tona. Ni da na ji muryarka ko tambaya ban yi ba." Na fara yi mata bayanin cewa an cire ni tuntuni. Ta ce, "To wa na ji da safen nan?" Na samo mata wani irin, ta sake shukawa, amma kwanakin da ta rasa ba ni da inda zan sayo mata su.

Ranar Juma'ar da ta wuce na je Furfuri suna. A ƙofar masallaci na miƙa wa Baba Ɗan'ige hannu, sai ya shimfiɗa min tafinsa, ba don gaisuwa ba. Ya ce, "Katina. Ni ban san Manaja ba, ɗan Garba na sani." Garba sunan mahaifina ne. Mutane suka sunkuyar da kai. Shekara talatin ina sana'a, ban taɓa yi wa mutum ƙofa ya dawo ya ce na sa masa ƙarfen banza ba. Maganata ita ce jarina, tun ba ni da injin kaina. Yau a garin da aka haife ni, ina lissafin ta wace hanya zan bi in kauce wa tsoho.

Abin da nake roƙo

Na farko, ku cire muryata daga shirin nan daga gobe. Ban yafe a sake cewa "mun tona" da bakina a kan abin da ba a tona ba.

Na biyu, ku faɗa a cikin shirin, da Hausar da kowa zai gane, cewa bayanin da ake kawowa yanzu na na'ura ne, ba na mambobin ƙauyuka ba, domin kada wata Inna Hajo ta sake ɗaukar irinta a kan sunana.

Na uku, ku maido min da katunan nan hamsin da bakwai yadda na kawo su. Ba na son na roba. In an zubar da su, ka fito ka faɗa da bakinka, ka bi ni Furfuri ka maimaita a gaban Baba Ɗan'ige. Ni zan kai ka a motata, in dawo da kai.

Na huɗu, in da gaske gidan nan na jama'a ne, ku buɗe rajista ta takarda ga wanda ba shi da babbar waya, ku ba mutanen ƙauye ko minti biyar ne bayan na'ura ta gama. Ba sai da ni ba. Ku sa mai difloma ya riƙa ɗaukar wayar, ba komai, zan koya masa yadda ake tambaya.

Ina yi maka addu'a, Allah ya ƙara maka girma, ya kare ka daga masu ba ka shawarar da za ta raba ka da mutanen da suka ɗauke ka. Allah ya sa kujerar nan ta zama hujja gare ka ranar gobe, ba a kanka ba. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.

Abu na ƙarshe. Mambobin nan ba su daina bugo min ba, da kati ko babu. Har Baba Ɗan'ige, wanda ba ya amsa gaisuwata, yana bugowa ya faɗi awonsa ya kashe waya. Ina rubutawa da alli a jikin wata ƙofar ƙarfe a gaban shagona, masu wucewa suna karantawa. Tunda kun rufe mana layi, bari in faɗi na yau a nan. Jiya da la'asar an yi ruwa a Furfuri, taƙi guda a jigawa, mai gona can ya tafi ya shuka. Gabas da Tsafe yatsa biyu ne kawai, a dakata tukuna. Mun tona, mun gani.

Wassalam.

Naka,
Alhaji Bala mai walda,
Damba, Gusau.