Injin Gini a Ranar Gayya

Rishton, 3 ga Mayu

Zuwa ga ɗana Doniyor a Tashkent,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya. Mu nan ƙalau, sai gwiwata da ke riga rediyo sanar da ruwan sama.

Na ji bayaninka a kan injin kamfaninku da zai gina mana gida a filin bayan rumfar inabi. Allah ya yi maka albarka. Ni ma ban zauna ba, na kira gayya ranar Asabar ta sama. Mutum arba'in sun amsa, na sayi rago, uwarka ta tsince shinkafar osh, dafa-dukan taron, har idonta ya yi ja. Shekara talatin da biyu ina kwaɓa laka a gayyar mutane, babu gida a unguwar nan da gadon bayana bai san nauyin tubalinsa ba. Na daɗe ina jiran ranar da za a taru a nawa filin. Usta Ergash magini ne zai ja ragamar aiki. Ka gaya wa injin ya zo da wuri.

Mahaifinka,
Tursunboy

Tashkent, 7 ga Mayu

Dadajon, mahaifina abin girmamawa,

Ina gaishe ku da ladabi, ina gaida Mama.

Da alama ban yi bayani da kyau ba. Injin ba ya buƙatar gayya. Siminti yake matsowa ta baki ɗaya, kamar man goge baki, layi bisa layi, har bango ya tashi. Mutum uku ne ke kula da shi, shugabarsu Injiniya Shahnoza. Kwana biyu an gama. Abu ɗaya nake roƙo, kada kowa ya taɓa bangon. Ku yi haƙuri ku janye gayyar, ragon a ajiye shi zuwa ranar tarewa.

Ɗanku mai biyayya,
Doniyor

Rishton, 10 ga Mayu

Doniyor,

Gaisuwa. Ka yi karatu amma ba ka da wayo. Ba a janye gayya. In shiga shagon shayi in ce wa mutum arba'in ba na buƙatar hannunsu? Wanda ya faɗi haka a unguwa, ranar da ya mutu sai ya nemi injin da zai ɗauki makararsa. Ba zan kwana a gidan da hannun maƙwabci bai taɓa ba, ko da zinare aka matso shi. Za su zo.

Mahaifinka

Rishton, 15 ga Mayu

Doniyor, ɗan lelena,

Ina gaishe ka, da fatan kana cin abinci mai zafi. Ubanka ba zai faɗa maka gaskiya ba, shi ya sa na ɗauki biro.

Sun zo su arba'in, kowa da shebur da bokiti. Injin ya kama aikinsa, bai ko yi sallama ba. Suka jeru a kan benci suna kallo kamar masu jiran bas. Buta tara ta shayi na kai. Ubanka yana ta zagaye yana cewa, "Yanzu za a kira ku, yanzu," ga kunnensa ya yi jawur. Wallahi ya ba ni tausayi, ban taɓa ganin ya ƙanƙance haka ba.

Da azahar bango ya kai ƙirji, aka tsai da injin don siminti ya sha iska. Na ja Shahnoza da mutanenta cikin gida cin osh. Ta ce ta ƙoshi a faranti na farko, na ce ai ba a gidana ba. Sai da ta ci uku.

Ashe a waje Usta Ergash ya leƙa kan bangon. Rahim mai gidan burodi ne ya ba ni labari. Wai Usta ya ce, "Tursunboy, zo ka ga abin kunya. Bango biyu, tsakiya fayau. Wannan ai ɓeraye aka gina wa ɗakin aure."

Ubanka ya ce, "Ƙila haka ake yi a birni."

"A birnin ma cuta ce. Injin ya cinye rabin simintinka. Ku tashi, jama'a, ku da kuka zo cin rago a banza!"

Kafin mu wanke hannu sun kwaɓa laka da bambaro, sun yi layi daga bakin rafi, bokiti na bin bokiti. Ta taga na hango ubanka yana gudu da guda biyu, gwiwar nan da ya ishe mu da ita ko ɗingishi babu. Suka cike ramin bangon kaf, suka daddanna da ƙafa.

Shahnoza ta fito tana sakace, ta leƙa, sai ta zauna a ƙasa daɓas. Ta ce, "Nan ne hanyar wayar lantarki da famfon ruwa da abin tare sanyi."

Usta ya ce, "Kada ki damu, 'yata, ba za mu faɗa wa kowa ba. Injin yaro ne, zai koya."

Ban yi dariya a gabanta ba, sai da na shiga madafa. Kada ka yi wa ubanka faɗa. Jiya da waƙa ya yi alwala.

Mahaifiyarka,
Mastura

Tashkent, 17 ga Mayu

Dadajon,

Ina gaishe ku. Zan yi ƙoƙari in rubuta wannan cikin ladabi.

Lakar nan dole ta fito duka kafin ta bushe, in ba haka ba gidan ba wuta ba ruwa, kuma da hunturu zai fi waje sanyi. Ramin faɗinsa tafin hannu ne, babu na'urar da za ta shiga, sai dai a kwashe da hannu da ludayi. Ranar Alhamis injin zai wuce wani aiki a garin Namangan, ko an gama ko ba a gama ba. Shugabana ya kira ni ofis, ya sa na maimaita masa labarin sau biyu, na biyun don sauran ma'aikata su ji. Kamfaninmu ba shi da leburori, abin da muke tinƙaho da shi ke nan a talla. Ni dai ban san inda zan samo mutum arba'in cikin kwana uku ba.

Ɗanku,
Doniyor

Rishton, 18 ga Mayu

Ɗana,

Gaisuwa. Ni na san inda ake samunsu.

Duk sun amsa, har da mutum shida da suka yi fushi ban kira su wancan karon ba. Usta ya ce zai kwashe, amma a shaida bai yarda ba. Na sayi wani ragon. Ludayi arba'in da bakwai uwarka ta aro a unguwa, ɗaya naka ne. Ka zo da tsofaffin kaya.

Mahaifinka,
Tursunboy