Na Saki Hannu a Sallah

Goggo Rabi,

Assalamu alaikum. Ya jikin naki, ya su Baffa da yara? Mu a Tottenham lafiya lau.

Goggo, a ɗakin sallar makarantarmu wasu 'yan mata suka ce sallata ba ta yi ba, don na saki hannuna yadda kika koya mini. Wai mu baƙaƙe ba mu san addini ba. Kunya ta hana ni komawa, sai dai in ɓuya a library da littattafan soyayyata.

Jiya Salma, wata 'yar Maroko, ta ja ni muka shiga. Ta tsaya gefena, ta saki nata hannun, ta ce wa 'yan matan haka kakarta ke yi. Ɗayarsu har ta matsa mana a sahu.

Ki taya ni addu'a, gobe ni kaɗai zan shiga. A gaida Inna.

'Yarki,
Hauwa