Kifi Talatin da Ɗaya, Duk Mata

Antaktika, 3 ga Fabrairu

Baba,

Gaisuwa mai yawa. Ya ƙafar Mama? Kwalekwalenka ya daina yoyo?

Ni lafiya lau. Yatsuna biyu ne sanyi ya ɗan taɓa, likita ya ce za su warware. Kada Mama ta ji.

Abin da ya hana ni sakat daban ne. Ka san aikina: duba zaren gado, wato abin da ake gada daga iyaye, a jikin kifin tekun ƙanƙara, in gano yadda na namiji ya bambanta da na mace. Muna zargin wani wuri da zaren ke maimaita abu ɗaya sau dubbai, kamar Kawu Baldomero da labarin guguwarsa. Amma sai an jera namiji da mace ake ganewa.

Kifi talatin da ɗaya na tara, duk mata. Jiya shugabarmu, Dakta Herminia, ta ce, "Eliana, ina ƙananan da kike kamawa?"

Na ce ina mayar da su ruwa.

Ta dafe kai. "'Yar masunci, ai mazan kike ta sallama."

Baba, hannuna ne ke yi ban sani ba. Kai ka koya masa sakin ƙananan kifi tun ina shekara bakwai.

Saura kwana tara jirgi ya kwashe mu. Na kasa zama, sai zarya tsakanin ɗakin gwaji da bakin ruwa. Ka ce wa Mama ta kunna mini kyandir a coci.

Gobe zan kama ƙaramin kifi in ƙi sakinsa. Ka yafe mini tun yanzu.

'Yarka,
Eliana