Ranar da Mota Ta Danne Ni

Yaya Garba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, yaya jikin Inna, yaya ciwon idonka, ina su Hadiza da yara? Da fatan Funtua lafiya. Ni ma ina nan Agege, alhamdulillahi.

Akori-kurata ta dame ni da tsalle a hanyar Ijora. Na duba, ashe ƙwallayen ƙarfen nan huɗu ne masu riƙe man da ke ɗaga ta a ƙarƙashinta suka mutu. Ka san ni, ba na kai wa makanike abin da hannuna zai iya. Na sayo sababbi, na shige ƙarƙashinta a ƙofar gida.

Ina kwance noti, mai ya tsiyaye, motar ta sauko ta danne mini kafaɗa. Sai a lokacin na tuna, duk shekarun da muka yi muna gyara tare, kai ne kake tura katako ƙarƙashi kafin in shiga. Ban taɓa lura ba.

Tun hantsi nake kiran a kawo mini ɗauki har azahar. Maƙwabta duk sun tafi kasuwa. Wata Iya mai tallar burodi ce ta hango ƙafafuna, ta taro 'yan okada suka ɗaga. Ta ce, "Oga, ba ka da kowa ne?" Na ce ina da su, suna Arewa.

Kafaɗar ta yi sauƙi, kada ka gaya wa Inna. Saura ƙwallo biyu, kuma ba zan taɓa su ba sai ka zo.

A sa ni a addu'a. Ka gaida Kawu da mutanen gida.

Ƙaninka,
Usman