Ƙorafi kan Kushewar Fatsima a Tungar Faru

Zuwa ga Mai girma Prefe na Buza,
Jihar Tawa.

Daga Ɗan'azumi Issa, dattijon Tungar Faru, ƙarƙashin Maigarin Gidan Ɓaure.

Litinin, 9 ga Satumba, 2024.

Game da: umurnin shafe kushewar matata, da wutar da ke shirin tashi tsakanin tungarmu da uwar garinmu.

Ranka shi daɗe, bayan gaisuwa ta ban girma da fatan Allah shi taya ka riƙo. Ni ba ma'abocin ƙara ba ne, ban taɓa taka ƙofar hukuma ba sai wurin biyan haraji. Amma ruwa ba ya tsami banza.

Don ka san tushen magana: iyayenmu sun baro Gidan Ɓaure a shekarar yunwa, sunka ƙetara gulbi, sunka sare dajin da ko makiyayi ba ya kwana ciki. Maigari na wancan zamani ya sa musu albarka bisa sharaɗi biyu. Kowane gida shi kai damen gero guda na gaisuwa in kaka ta yi, kuma duk wanda ya rasu a mai da shi Gidan Ɓaure a rufe. Dalili, a al'adarmu inda kushewa take nan ne gari. Wurin da babu ta, ko ya tara gida ɗari, tunga ne, mutanensa baƙi ne. Mun riƙe wannan alkawari har munka yi furfura.

Ga abin da nake kuka da shi:

1. Gaisuwa ta koma tilas. Tun da Maigari Ɗanlami ya gaji mahaifinsa, dami guda ya zama uku, ba da shawararmu ba. Ba a kiran ko mutum ɗaya daga cikinmu zaman shawara. Sai an gama yankewa a aiko muna da manzo, ko sauka daga babur ba ya yi.

2. An hana mu sai da albasar fadamarmu ga kowa sai ta hannun dillalin Maigari. Mu da haƙar rijiya, mu da ban ruwa, shi da yanke farashi. Wannan ma mun haɗiye, mun ce haƙuri maganin zaman duniya.

3. Ranar Laraba, 14 ga Agusta na bana, Allah ya karɓi ran matata Fatsima da hantsi. Munka yi mata sutura, munka ɗauki makara zuwa bakin gulbi kamar yadda anka saba. Gulbi ya cika ya tumbatsa, yana tafiya da itatuwa. Mun tsaya nan da ita har la'asar ta yi sanyi. Mutanen Gidan Ɓaure na tsallake suna kallonmu, babu wanda zai ce bai gani ba. Liman Idris ya ce addini bai yarda a kwana da gawa don jiran ruwa ba. Munka juyo, munka rufe ta gindin farun da tungar ta ci sunansa, wanda a inuwarsa take sussuka tun tana amarya.

4. Ranar sadakar uku, 17 ga Agusta, manzon Maigari ya zo. Na miƙe na shimfiɗa masa tabarma, ina zaton ta'aziyya ce. Ashe umurni ne: a baje kushewar daidai da ƙasa, a kwashe ƙayar da munka rufa mata, a bi ta kai da garma, kafin ranar sadakar arba'in, 23 ga wannan wata. In ba haka ba, Maigari zai karɓe fadamar. Ranka shi daɗe, har yau bai ce mini Allah shi jiƙanta ba. Wannan mata ita ta riƙa ɗaure masa damen gaisuwarsa da hannunta, tana zaɓen zangarniya mafi tsawo don kar a ce ƴan tunga ba su san girma ba.

5. Samarinmu sun tashi, kuma ɗana Nazifi ne a gaba. Sun yi rantsuwa ko zangarniya ɗaya ba za ta ƙetara gulbi bana ba. Sun mai da dillali da buhunansa wofi. Sun daina cewa Tungar Faru, sai Garin Fatsima. Na ji kuma samarin Gidan Ɓaure sun ce in ba mu baje ba su za su zo su baje. Waɗannan yara ƴaƴan wa da ƙane ne, nono ɗaya kakanninsu sunka sha. Shekara da shekaru ni ke kwaɓar namu, ina ce musu uwa ba ta zama abokiyar gaba. Yanzu in na buɗe baki sai su nuna mini gindin faru. Tura ta kai bango.

Saboda haka ina roƙon Mai girma Prefe, tun da ba a fafe gora ranar tafiya:

Ka zo, ko ka aiko wakili, kafin ranar 23, ka haɗa mu da Maigari Ɗanlami gaban Sarkin ƙasa. A bar kushewar Fatsima inda Allah ya ajiye ta. A dubi lamarinmu a rubuta mu gari, mu ma a ji bakinmu cikin abin da ya shafe mu. Damen gaisuwa guda na iyayenmu ni zan kai shi da kaina muddin ina numfashi, don ba mu ƙi asalinmu ba. Amma na tilas ya ƙare.

Kuma ina son hukuma ta sani tun yanzu, kar a ce na ɓoye. Na auna wurina dama da ita, na kafa dutse, na yi wasiyya gaban liman kada a ƙetara gulbi da ni ko da rani ne. Wanda zai baje guda, shi ɗan jinkirta, ya kusa samun biyu.

Ina neman gafara in harshena ya yi kaifi, tsufa ne da zafin rashi. Allah shi ƙara maka girma, shi ba ka ikon raba gardama tun ba ta zama jini ba.

Naka mai biyayya,

Ɗan'azumi Issa
Tungar Faru