Kujerar da Aka Ajiye Mini a Treichville

Zuwa ga ɗana na fari,

Bayan gaisuwa. Na san ba za ka karanta wannan ba. Da ranka ma ba ka iya Hausar boko ba, sai Faransanci.

Gida lafiya. Uwarka ta daina zuwa kasuwar Adjamé, ba ta son ganin tashar motar wurin. Mangazar ajiyar kayan da kake gadi a bakin tashar jirgin ruwa, kwana uku suka yi suka sa wani.

Ni kuwa fushi nake. Shekara biyu manyan soja suka ajiye ka a bakin daga, da ka dawo suka rubuta maka zama takwas da lokotoron hankali a asibiti. Takwas! Ko kuka ake sara ba ta faɗuwa da sara takwas. Wa ya auna musu tsoronka har suka san mudunsa?

Da kai ma ina fushi. Ashe kullum ka fita kunnenka na jiran harbi, me ya hana ka faɗa? Taya ce fa ta fashe a tashar Adjamé. Kowa ya waiwaya ya ci gaba da cinikinsa, kai kaɗai ka yi ruf da ciki a gaban motar haya ta gbaka, direba bai gan ka ba.

Amma babban kason fushin nawa ne. A zama na shida lokotoron ta aiko ka da takarda, wai in zo mu zauna tare. Na ninke ta na sa a aljihu. Yaya zan zauna gwiwa da gwiwa da ɗan farina, gaban baƙuwa, ina tambayarsa abin da ke ransa? Kunya ce, haka muka tarar. Ka tsaya a bakin ƙofa kana jira, ni ina gyaran rediyo da lafiyarsa ƙalau. Daga ranar ba ka koma ba.

Talatar nan na je wurinta a Treichville, ni da takardar. Har yanzu kujera biyu ce a ɗakin, taka da wadda aka ajiye mini. Lokotoron ta tambaye ni sunanka don ta nemo fayil. Shekara talatin da huɗu ina cewa “kai” da “yaron nan”, ban taɓa kiransa ba. Na buɗe baki na ce Ibrahim. Da ƙarfi ya fito, har na waje suka leƙo. Kowa ya ji, ban da kai.

Allah Ya sa ka huta, inda ba a harbi.

Ubanka, wanda ya makara.