Dalilin Da Ya Sa Na Ƙi Sa Maka Hannu, Nura

Zuwa ga ƙanena Nura,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Shekara tara ke nan rabona da gida. Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Zainab da yaran, da Baba Ƙarami da ciwon ƙafarsa. Na sa wannan wasiƙa a intanet inda kowa zai gani saboda ka toshe lambata. Na san ko kai ba ka karanta ba, akwai wanda zai karanta maka a shago.

Ka nemi in rubuta takarda, in sa hannu cewa ka yi shekara biyu a ƙarƙashina kana aikin wutar jirgin ruwa, don ka haɗa da takardun neman aikin da Alhaji Mudi yake shirya maka. Na ce a'a. Ka ce baƙin ciki nake yi maka, ni na samu hanya ba na so wani ya bi. Yanzu an gaya min ka riga ka miƙa wa wakilinsa na Kano fasfonka, kuma suna neman wani ya sa hannun a madadina. To ka saurara, in gaya maka abin da na kasa faɗa a waya.

Ka san aikina, amma ba ka san shi sosai ba. 'Yan kasuwarmu suna sayen tsofaffin jiragen ruwa a nan, a gyara su a bakin kogi kusa da tashar jiragen ruwa ta Huangpu, a nan China, sannan a kawo ma'aikata daga gida su tuƙa su zuwa Legas ko Tema. Ni nake duba wutar jirgin kafin ya tashi. Alhaji Mudi da takalma yake sayarwa, daga baya ya gane kawo mutane ya fi kawo takalma riba.

A bara ya kawo min Ilya. Wataƙila ka san shi, mai wayarin ne a Rijiyar Lemo, dogo, mai wushirya, ya girme ka sosai. Takardunsa sun ce ya yi shekara huɗu a teku. Ranar da ya hau jirgin na ga yadda yake riƙe da igiyar tsani, na san bai taɓa hawa ko kwalekwale ba. Da na matsa masa ya faɗa min gaskiya. A intabiyun da aka yi masa ta bidiyo, akwai wanda ya zauna a bayan kwamfuta yana ɗaga masa amsa a kwali.

Kada ka ɗauka Ilya sakarai ne. Ya fi ka iya aiki, Nura, kuma kai ma ka iya. Yana sauraron injin da ke juya fanfo ya gaya maka inda ya lalace. Na je wajen mai jirgin na ce mutumin nan bai san teku ba. Ya ce jirgi zai tashi ƙarshen wata, in koya masa abin da ya sawwaƙa.

Na koya masa. Abu na farko da na nuna masa shi ne janareta ta biyu. Na ce Ilya, a jirgi in wuta ta ɗauke, ba ta ɗauke ba. Janareta ɗaya ta mutu, ta biyu tana tada kanta da kanta, ta hau layi, ba ta jiran kowa, ba ta gargaɗi. Kafin ka kai ƙarshen Fatiha wuta ta dawo. Ba a taɓa babban allon wuta sai an kashe komai da hannu, kowa ya rataya kwaɗonsa, ya sa makullin a aljihu. Shugaban ma'aikatan wurin gyaran, wani dattijo ɗan China da muke kira Lawo, ya buɗe wuyan rigarsa ya nuna masa tabon ƙuna tun daga haɓa har ƙirji. Ya sa shi ya maimaita darasin da hannu, tunda ba su da yare ɗaya. Ilya ya gane sarai. Har ya yi dariya ya ce wannan ƙasa ko duhunta ba ya zama.

Amma ka san yadda muke a gida. In aka ɗauke wuta, mai wayarin murna yake yi. Sai ka ji an ce yi sauri kafin su dawo da ita. A jingina tsani, a kama waya da hannu, a ɗaure, a sauko. Shekara ashirin Ilya yana cin abinci da wannan saurin.

Ranar wata Laraba da hantsi, akwai noti ɗaya a cikin babban allon da ya saki, yana zafi. Mun shirya za mu kashe komai bayan azahar mu ɗaure shi. Ilya ya gan shi tun safe, abin yana damunsa. Sai janareta ta farko ta shaƙe da dattin mai, ta mutu. Ɗakin inji ya yi duhu, ya yi tsit. Ina kan tsani ina saukowa. Na ji ƙarar ƙofar allon, na ji sifana ta taɓa ƙarfe. Na ƙwala masa kira. A daidai lokacin na ji janareta ta biyu ta yi tari ta kama.

Ban san yadda zan kwatanta maka hasken ba. Fari ne, ya ratsa fatar idona duk da na rufe. Ƙarar ta jefo ni daga tsani. Da na miƙe, jini yana zuba daga kunnena na hagu, kuma har yau kunnen bai dawo ba. Ilya yana can jikin bango inda wutar ta wurga shi. Jan ƙarfe ya narke ya fesa masa a fuska da wuya. Rigar ƙwallon da ya sa a ƙarƙashin kayan aiki ta narke ta manne da namansa, tana ci. Sifanar ta zama ɗaya da tafin hannunsa. Na kama shi in ja, fatar damtsensa ta biyo hannuna kamar rigar da aka cire. Wani mai walda ɗan China ya ture ni, ya lulluɓe shi da bargon kashe wuta, ya kwanta a kansa har ta mutu. Warin yana nan a hancina. Tun ranar ban ƙara tsayawa kusa da mai gasa nama ba.

Bai suma ba, Nura. Da ya suma da ya fi. Muna hawa da shi sama a kan falanki, ba ya gani, leɓɓansa sun kumbura, yana ta faɗa min abu ɗaya: Injiniya, ai an ɗauke wuta.

Ya yi kusan mako a asibiti kafin ya cika. Likitocin sun yi ƙoƙari, ba zan ci haƙƙinsu ba. A nan muka binne shi, a maƙabartar Musulmi, mu da 'yan Nijar da 'yan zangon Kumasi. Ni na kira matarsa. Ta tambaye ni ko ya samu ya yi kalmar shahada. Ya yi, alhamdulillah, da kunnena mai ji na ji.

Kafin a binne shi na je unguwar Liwan, ofishin Alhaji Mudi, a saman kasuwar takalma. Lokacin baje kolin Pazhou ne, ya tara baƙi daga gida suna cin shinkafa a kan teburin gilashi. Ya ɗago ya ce Injiniya, sannu da haƙuri, ƙaddara ce. Na kama ƙeyarsa na buga fuskarsa a teburin. Gilashin ya fashe, hancinsa ya karye, jini ya shiga cikin shinkafar. Na sake bugawa. Mutanensa suka rufe ni da kujera da ƙafa, suka karya min haƙarƙari biyu, suka fitar min da haƙori, suka ja ni a kan matakala har ƙasa. Sai da dattawan 'yan Arewa suka shiga tsakani kafin 'yan sanda su bar maganar. Ba na gaya maka don ka ce yayanka jarumi ne. Babu abin da dukan ya gyara.

Zan kuma faɗi gaskiya a kansa. Ya zo jana'iza da filasta a hanci, ya ɗauki makara, ya yi kuka na gaske. Ya aika wa iyalin Ilya abin da ya aika. Ya ce min shi bai ja kowa ba, mutane ne suke kwana a ƙofar wakilinsa suna roƙo. Wannan ma gaskiya ne. Bayan wata guda ya sa aka ci gaba da karɓar fasfo. Naka yana cikinsu.

Kai kuma na san ka. Zuwana na ƙarshe, a tsakar gidan Inna, aka ɗauke wuta muna cin abinci. Kafin in haɗiye lomar bakina ka riga ka hau kan durom, ka kama wayar da ta shigo daga falwaya da hannu, kana waƙa. Inna ta ce kai dai Nura hannunka ya fi kanka sauri. Duk muka yi dariya, har da ni. Yanzu in na tuna sai in ajiye abin da nake ci.

Na san ba kwaɗayi ne ya kai ka ba. Na san shago ba ya riƙe gida, na san Zainab tana da ciki. Na san kuma kai ka zauna da Inna har ta cika, kai ka juya ta, kai ka gyara firjin ƙanƙararta sau ba adadi don kada sana'arta ta tsaya, ni ina nan ina aiko da gaisuwa. Duk abin da ka ce min a kan wannan, ka isa ka faɗa. Amma ba zan rama maka da wannan takarda ba.

Kada kuma ka ɗauka akwai wata aljanna a nan. Bayan makaranta na yi shekara uku a Legas ina kwashe baƙin mai a gindin jirgi kafin a bar ni in taɓa waya. Na aika takardun neman aiki wurare da yawa, yawancinsu ko amsa babu. A nan ma wani lokaci sai in yi wata uku ina bin wuraren gyara, kowa yana ce min meyo, wato babu. Gashin kaina ya yi fari, kunne ɗaya, ɗaki ɗaya. Sana'a ce mai kyau in ka shiga ta ƙofa, tana ci da mutum da mutuncinsa. Sai dai tana buƙatar lokacin da za ta cire maka hannun gida ta sa maka nata.

Ga abin da zan iya. Ka karɓo fasfonka. Ka shiga makarantar aikin teku a kudu, ka yi kwas ɗin wutar jirgi, ni zan biya. In ka gama, akwai wani kyaftin ɗan Ghana da ya yi min alkawarin ɗaukar ɗalibi guda. Za ka yi shekara kana shara da miƙa sifana, albashi kaɗan. Ranar da ka cika wannan, zan rubuta maka takardar da babu ƙarya ko ɗaya a cikinta, in sa hannu da babban baƙi. Duk kuma wanda yake shirin sa maka hannu a madadina, na san yana karantawa a bayanka. Ya sani cewa zan neme shi.

Allah Ya jiƙan Ilya, Ya sanyaya masa makwanci, Ya raya abin da ya bari. Allah Ya jiƙan Inna da Baba. Allah Ya sauki Zainab lafiya. Kai kuma ɗan autanmu, Allah Ya tsare min kai, Ya huce zuciyarka, Ya ba ka abincinka ta inda za ka dawo gida da ƙafafunka. Ka buɗe lambata ko da zagina za ka yi.

Naka har kullum,
Yayanka Sunusi,
daga Huangpu.

Don kada ka ce alkawarin baki ne, ga duk abin da na tara tun fitowata: dala dubu uku da ɗari takwas, da fili ɗaya a bayan Gezawa wanda na biya rabinsa. Makarantar da kuɗin cefanen gidanka na shekara za su ci dubu uku da ɗari biyar. Saura ɗari uku.